Koren jirgin da ya biyo mu har Birmingham

A shekarar da council, wato ƙaramar hukuma, ta rage ma'aikata, maigidana na cikin waɗanda aka sallama. Injiniya ne, bai saba zaman gida ba, sai ga shi yana wuni a falonmu na unguwar Moss Side yana ƙirga bas ta taga. Ana nan sai wani Bature da suka yi aiki tare ya roƙe shi ya kai masa jirgin ruwansa Birmingham, irin siririn nan mai ɗaki da kicin da ke bin canal, wato hanyar ruwa da aka haƙa. Yara suna jami'a, ni kuma ina da hutu a asibiti. Na bi shi ne don kada ya tafi shi kaɗai, amma raina bai so tafiyar ba.

A kwana na huɗu na lura da wani koren jirgi a bayanmu. Fentinsa ya koɗe, an jibga itacen wuta a rufinsa, wata dattijuwar Baturiya ce ke tuƙi ita kaɗai. Idan muka tsaya ɗibar ruwa sai ta tsaya. Idan muka tashi, kafin mu sha kwana biyu na hango hayaƙinta. Na gaya wa maigidana, ya ce hanya ɗaya ce, ina nake so ta bi.

Da la'asar muka isa wani ƙaramin gari inda aka kafa zobban ƙarfe a gaɓa don ɗaure jirage. Wurin ba zai ɗauki fiye da jirgi biyar ba. Ni na sa muka ɗaure a tsakiya, muka bar fili gaba da baya, saboda ba na son in cire mayafi baƙo na kallona ta taga. Muka kulle, muka shiga gari sayen burodi da madara.

Da muka dawo, jirginmu ba ya inda muka bar shi. An ja shi gaba har ya kusa taɓa na gabansa. Ƙullin igiyar ma ba irin na maigidana ba ne. Koren jirgin kuwa yana manne a bayanmu, igiyarsa a zobe ɗaya da tamu.

Na shiga na duba komai, har ƙarƙashin katifa inda fasfo ɗinmu yake. Ba a taɓa komai ba, kwaɗon ma lafiya lau. Duk da haka na juya wurin maigidana. Na ce, "Baban yara, wanda ya kwance maka igiya yau, gobe me zai kwance?"

Ya je ya yi wa dattijuwar magana, ina tsaye a bakin ƙofa ina ji. Ba ta musa ba, ba ta kuma ba da haƙuri ba. Ta ce mun cinye wurin jirgi uku, kuma a kan ruwa kowa ya san zobe ɗaya na jirgi biyu ne. Ta ce mu yawo muka fito, ita kuwa nan ne gidanta tun da aka rage mata tallafin haya ta bar gidan da take haya, in ta rasa zobe sai ta kwana a cikin ciyawa. Maigidana, wanda shi ma bai daɗe da karɓar takardar sallamarsa ba, ya sunkuyar da kai ya ce ta yi haƙuri, ba mu sani ba. Abin da ya tsaya min a rai shi ne yadda ta san mun fita, har ta san za mu jima.

Daga ranar ita ke gaba, mu a baya. Da muka shiga tsakiyar Birmingham babu zobe ko ɗaya da ba kowa a kai. Sai ga ta a kan jirginta tana yafito mu, wai mu ɗaura a jikin nata. Wato duk fitar da za mu yi sai mun taka jirginta. Ta ce mu riƙa bi ta goshin jirgin, kuma ba a leƙa tagar mutane.

Na leƙa. Gado ne siriri, tukunya ɗaya, kujera ɗaya. A kan teburin da ke jikin taga akwai madubin hangen nesa da ɗan littafi a buɗe, cike da rubutu layi-layi. Maigidana ya ce masu kallon tsuntsaye haka suke yi. Na ce to.

Ƙanwata ta zo daga unguwar Sparkhill ta ɗauke ni da mota, na kwashi jakata da takardunmu duka. Shi ya zauna a jirgin kwana biyu yana jiran mai shi. Ya ce kullum da safe dattijuwar kan ƙwanƙwasa masa rufi ta miƙo shayi. Na tambaye shi ko ya sha, ya ce ya sha.