Kwana Arba'in Ina Jiran In Faɗi

Wata Talata ce, farkon damina, shekarar da nake aji uku a firamaren ƙauyenmu da ke bayan Randagi. Mun yi layi a gindin ɗorawa ana duba mana farce, sai Saude, 'yar Baffana da muke zama benci ɗaya, ta yi wata irin ƙara ta zube ƙasa. Jikinta ya sandare, sannan ya hau karkarwa, idanu sun kafe, kumfa na fita ta gefen bakinta. Kafin ka ce kwabo layi ya watse, yara na toshe hanci suna ihu, "Farfaɗiya ce! Kada yawunta ya taɓa ku!" Ni ma na gudu, ba zan yi ƙarya ba, amma ban yi nisa ba. Na laɓe bayan ɗorawar ina leƙe, don Allah Ya yi ni da son ganin ƙwaƙwaf. Na ga wani malami yana ƙoƙarin cusa mata cokali a baki har ya fasa mata leɓe, na ga an matse mata albasa a hanci. Da aka ɗauke ta, maigadin makaranta ya tara kara a daidai inda ta faɗi ya kunna wuta, wai a ƙone cutar kada wani ya taka.

Bayan kwana biyu hedimasta ya zo gidanmu da kansa. Ya ce iyayen yara sun taru sun yanke cewa in Saude ta koma aji, za su cire nasu 'ya'yan. Wannan ya fi faɗuwar yi mata ciwo, domin Saude mayyar makaranta ce. Ni sai an kora ni da tsintsiya nake tafiya, ita kuwa tun asuba ta wanke allonta, kuma ita ke raɗa mini amsa in malam ya ritsa ni. Yanzu sai ta zauna a bakin zaure tana kallonmu muna wucewa da rigar makaranta, in na dawo ta tare ni da tambayar abin da aka koya. A cikin gida ma an ware mata kwanonta, da moɗarta, da tabarmarta. Kakarmu Iya ta ce iska ce ta shafe ta a gindin tsamiya, aka yi ta hayaƙi da jiƙe-jiƙen saiwoyin da Baffa ke haƙowa a daji. Asibiti kam ba a ko ambace shi ba, don kowa ya yarda cewa "wannan ba ciwon asibiti ba ne."

Ni kuwa abin ya ƙi zama mini a kai. Goggo Asabe, uwar Saude, da hannunta take share mata kumfa duk lokacin da ta faɗi, amma ga ta nan garau tana daka tana surfe. Kajin gidanmu kullum suna tsattsagar ragowar tuwon kwanonta, ban taɓa ganin kaza ta zube tana shure-shure ba. Na tambayi Innata yadda aka yi haka, ta dalla mini harara ta ce, "Ke dai bakinki zai ja miki wata rana." Sai na rufe bakin, na ƙudura a raina cewa ni zan gwada da kaina.

Lokacin da masara ta fara nuna, aka tura mu gonar bakin daji korar birai, ni da Saude, tunda ita ba ta da wani aiki. Muna zaune a kan dandamalin ƙasa, kowa da gwangwaninsa na bugawa, ta ɗauki gorarta ta sha ruwa ta ajiye. Na ɗauke ta na kafa kai a daidai inda bakinta ya taɓa. Na karɓe gwaibar da ta gatsa, na cinye har da wurin haƙoranta. Saude ta zaro ido, ni kuma na dake na ce ƙishi nake ji. Daga ranar kullum sai na sato hanya na ci wani abu nata, kuma kullum ina jefa tsakuwa ɗaya a wani tsohon gwangwani da na ɓoye bayan rumbu. Arba'in na yanke wa kaina, saboda komai na Iya da arba'in take lissafa shi, na ɗauka ita ma cuta haka take.

Wayyo, na sha wahala a kwanakin nan! In na tashi tsaye da sauri na ji jiri, sai in ce shi ke nan, ta zo. Na daina hawa kaɗanya, na daina leƙa rijiya. A dandali in ana gaɗa, da an zo wurin da yarinya ke faɗawa da baya a tare ta, sai in ce cikina ke ciwo, don ina tsoron in faɗi in kasa tashi. Duk da haka akwai wani ɓangare na zuciyata da ke son sanin yadda abin yake, har na tambayi Saude. Ta ce ita ba ta sanin komai, sai dai ta fara jin wani wari kamar na ƙonannen gashi, daga nan sai ta farka ta ga kowa ya yi nesa da ita.

Ranar da tsakuwa ta cika arba'in, na zazzage su a tsakar gida ana cikin cin tuwo, na faɗi duk abin da na yi, ina jiran a yaba mini. Abin da na samu shi ne dukan da har yau ban manta ba. Washegari Inna ta ja ni a ƙafa har ƙaramin asibitin da ke ƙauyen gaba, tana kuka, wai a yi mini allurar da za ta wanke abin kafin ya kama ni. Ma'aikaciyar wurin wata dattijuwar Gwari ce da ake kira Mama Rifkatu. Ta saurari labarin, ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ce, "To maman yarinya, kin kawo mini mai lafiya. Ina mai ciwon?"

A bakinta na fara jin cewa farfaɗiya daga ƙwaƙwalwa take, ba a ɗaukarta ta yawu ko ta kwano. Ta kwantar da ni a tabarma ta nuna wa Inna yadda ake yi: a janye wuta da duk abin da zai ji wa mutum rauni, a sa masa abu mai laushi ƙarƙashin kai, kada a danne shi, kada a sa komai a bakinsa, in karkarwar ta lafa a juya shi ta gefe, in kuma ta ƙi tsayawa a garzaya asibiti. Ta ce akwai ƙwayar da ake sha kullum. A makon nan Baffa ya goya Saude a babur zuwa babban asibitin Birnin Gwari. Faɗuwar ta yi ta raguwa. Sau ɗaya Goggo ta ga kamar an warke ta daina ba ta maganin, abin ya dawo da ƙarfi, daga nan ba a sake wasa da shi ba.

Na ɗauka magana ta ƙare, har na share wa Saude gefen bencinmu. Ina! Baffa ya je wurin hedimasta, Mama Rifkatu ma ta je, amma iyayen yara suka ce a bari dai a ga shekara ta zagayo. Shekara ta zagayo, suka ƙara wata shekarar. Ranar da aka ce Saude ta koma, ni ina aji shida, ita kuma aji uku za a mayar da ita, cikin ƙannenmu da suka tashi suna jin ana ce mata mai faɗuwa. Ta je kwana uku, babu wanda ya yarda ya zauna kusa da ita. A rana ta huɗu ta ninke rigar makarantar ta ba ni.

Yanzu dukanmu muna cikin gari, ƙauyen sai dai a zuci, don hanyarsa ba ta biyuwa. Saude na ɗinki, tana da 'ya'ya huɗu, ta yi shekaru ba ta faɗi ba. A makarantar da nake koyarwa akwai yarinya mai irin ciwon, in ya taso mata ƙawayenta ne ke tallafe mata kai, bayan ta huta ta koma aji. Kwanaki na ba Saude wannan labari, ta juya kwalin maganinta, sannan ta miƙo mini ta ce in duba mata ko irin na da ne, don 'yarta mai karanta mata ba ta nan. Na karanta mata. Ita ce fa yarinyar da ke raɗa mini amsa a aji.