Bugu Ɗaya Bayan Jiniya

A duk shekarun da na yi ina aikin agajin gaggawa a filayen wasa, ban taɓa mantawa da wata Asabar ta ƙarshen watan Yuli ba, ranar da ofis ya tura ni wasan da ban san akwai irinsa a duniya ba. Ku sababbin shiga da kuke ganin kun gama horo kun san komai, ku gyara zama.

A lokacin ni ne shugaban tawaga, wato ni ke da maganar ƙarshe kan duk wanda ya ji rauni a fili. Tawagar kuwa mu biyu ne rak: ni da Alhaji Sani, direban motar asibiti, mutumin zangon Kumasi da ke zaune a Deptford. Saƙon ofis cewa kawai ya yi wasan ƙwallo ne a kudancin Landan. Na baro Tottenham ina ganin ranar hutu ce: targaɗe ɗaya ko biyu, a sa ƙanƙara, a naɗa bandeji, a tashi.

Da muka isa sai na yi turus. Filin ba mai kusurwa huɗu ba ne, zagayayye ne kamar ƙwai, ga girma. Babu raga, sai dogayen turaku huɗu a kowane ƙarshe. Ƙarti ne birjik cikin riguna marasa hannu da guntayen wanduna, suna buga wata ƙwallo doguwa kamar gwanda. Alhaji Sani ya leƙo ta tagar mota ya ce, "Malam Habu, ka tabbata nan aka yi booking namu? Bol ɗin ma ya lanƙwashe."

Wani dattijo mai suna Greg, kocin masu jar riga, shi ya tarbe mu ya yi mana bayani a gurguje. Ƙwallon Ostareliya ce, 'yan can ɗin da ke aiki a Landan su ke buga ta da bazara. In ƙwallo ta bi tsakanin turakun tsakiya, maki shida. In ta bi ta gefe, maki ɗaya. Wanda ya cafe ƙwallon da aka bugo kafin ta taɓa ƙasa, za a ja baya a ba shi fili ya yi bugunsa ba mai taɓa shi. Sannan ya faɗi abin da ya sa kowa ya ɗaure fuska: wannan ne wasansu na ƙarshe a rukuni. In sun ci, sun shiga zagayen cin kofi. In sun faɗi, sai baɗi.

Aka fara. Wallahi na riƙe baki. Mutum ya taka bayan ɗan'uwansa ya haye kafaɗarsa don ya cafe ƙwallo, alƙali bai ce uffan ba, 'yan kallo ma tafi suke yi. Ana cikin haka wani ya faɗi, hanci na zubar da jini. Ni da Alhaji muka ɗauki jaka muka tsaya a bakin layi, muna jiran alƙali ya busa usur ya yafito mu, kamar yadda muka saba. Shiru, wasa na ta ci gaba. Greg ya daka mana tsawa, "Me kuke jira? Ku shiga!" Ashe su ba a tsayar da wasa don mutum ya ji ciwo. Haka na kutsa ina kauce wa ƙarti, Alhaji a bayana yana salati yana cewa, "Wannan ba wasa ba ne, faɗa ne!"

Gab da tashi, masu jar riga suna baya da maki uku. Aka dako ƙwallo sama zuwa gaban turaku. Kyaftin ɗinsu, wani dogo mai suna Tom, ya tashi sama ya cafe ta, amma wanda ya taka ya zame, Tom ya sauko a kan ƙeya da wuya. Daga inda nake na ji ƙarar faɗuwarsa. A daidai lokacin jiniyar tashi ta yi kuka.

Wannan karon ban jira kowa ba. Na durƙusa a saitin kansa na riƙe shi da hannu biyu, kamar yadda ƙa'ida ta ce: wanda ya faɗi a kan wuya ba ya motsa kai sai an tabbatar da lafiyar ƙashin. Na tambaye shi ina muke. Ya ambaci wani gari a ƙasarsu. Na ce ya matse yatsun Alhaji. Ya matse, amma ya ce hannunsa na hagu yana masa yam-yam. Duk da haka ƙwallon na rungume a ƙirjinsa, bai sake ta ba.

Ni a zatona wasa ya ƙare. Sai na ɗaga kai na ga ba wanda ya bar fili. Alƙali ya matso ya ce, "Ya cafe kafin jiniya, saboda haka yana da bugu ɗaya. In ba zai iya ba, abokin wasansa mafi kusa ne zai buga. Kai za ka faɗa."

Kun ji fa. Ni Habu, da ko sunan wasan ban iya faɗa daidai ba, a hannuna aka ɗora kakar wasan mutane.

Greg ya durƙusa kusa da ni. Bai yi ihu ba, kuma shi ya fi yi min nauyi. Ya ce, "Bugu ɗaya ne, ba wanda zai taɓa shi. Daga wannan wurin Tom ba ya kuskurewa. Wata mai zuwa zai koma gida gaba ɗaya, ba shi da wata damar." Tom kuma yana ta yunƙurin tashi, yana cewa, "Lafiyata ƙalau, sake ni."

Ba zan ɓoye muku ba, zuciyata ta yi rawa. Ga turakun nan kusa, ina ganinsu. Na ce a raina, ya tashi, ya buga, ya dawo ya kwanta, me zai faru? Sai Alhaji Sani ya sunkuyo ya ce da ni da Hausa, "Malam, kar ka sake kai ɗin nan. In ya faɗi kuma, ni da kai za mu yi explain."

Na dubi alƙali na ce, "Ba zai tashi ba."

Aka zare ƙwallon daga hannun Tom aka miƙa wa abokin wasansa, wani gajere. Ban ga bugun ba, idona na kan majinyacina. Kunnena ne ya gaya min: abokan hamayya masu shuɗiyar riga suka ɓarke da ihu, ɓangaren su Greg ya yi tsit. Ta gefe ta bi, maki ɗaya.

Muka ɗaure masa wuya muka ɗora shi a gadon ɗaukar majinyata. Abin da ya ba ni mamaki, 'yan ƙungiyoyin biyu ne suka kama mana har mota, har da wanda Tom ya taka. Greg ya miƙo min hannu muka gaisa, amma bai kalli fuskata ba.

A hanyar asibiti Tom ya buɗe ido ya ce, "Mun ci?" Na ce a'a, na gaya masa yadda aka yi. Hawaye suka zubo masa ta gefen ido, ba halin ya share. Bayan ɗan lokaci ya sake cewa, "Mun ci?" Buguwar kai ta sa abin ba ya zama a ƙwaƙwalwarsa. Na sake gaya masa, ya sake yin kuka kamar yanzu ya fara ji. Alhaji daga gaba ya ce, "Haba Malam, ce masa sun ci mana, ya huta." Ban iya ba. Har muka isa yana tambaya ina amsawa, kuma kowane karo sai ya ce, "Me ya sa ban buga ba?" in ce, "Ni na hana ka."

Ranar Litinin shugabarmu ta kira ni ofis ta ce Greg ya bugo waya: an ɗauki hoton wuyan Tom, ba karaya, ba tsagewa, buguwar kai ce kawai. Ta ce na yi daidai. Na yi hamdala, sannan wani tunani ya zo min. Da na sake shi, wataƙila da ya buga ya ci.

To ga abin da ranar ta koya min. A aikinmu, da abin da ke gabanka a kan ciyawa kake yanke hukunci, ba da hoton da zai fito jibi ba. Ko gobe aka maimaita, ba zan saki kan nan ba, kuma ku ma kada ku saki, ko wa ya roƙe ku. Amma kada wani ya ruɗe ku cewa yin daidai zai sa ku koma gida da farin ciki. Riƙe kai an koya muku a horo. Abin da ba a koya muku ba shi ne zama kusa da mutumin da kuka hana abin da ya fi so, yana tambaya, kuna ce masa ku ne.