Mai Khal da Gangarsa

Shekara goma sha ɗaya shagon ɗinkina yana jikin ɗakin Mai Khal, har hancina ya daina jin tsamin. Tsoho ne siriri marar surutu. Matarsa ta rasu tun kafin in zo layin, 'yarsa tilo kuma tana aure a wani gari mai nisa.

Da can aikin bai ɗaure shi ba. Yakan karɓo ɓawon abarba da na ayaba wajen masu kayan marmari, ya jiƙa da sukari a bokiti, ya rufe da ƙyalle, sai bayan wata uku ruwan ya koma khal, ruwan tsamin nan da ake sawa a abinci. A tsakanin nan yakan kulle ɗaki ya je wajen 'yarsa sati biyu, ya dawo da kumatu.

Sai ya ɗora wa kansa bincike. Ya gano cewa ƙwayoyin halittar da ke tsamar da ruwan iska suke so, zaman bokiti shaƙe su yake yi. Ya samo ganga ya huhhuda gefenta, ya cika ta da totuwar masara, yana kwarara ruwan ta sama yana tarawa ta ƙasa. Ƙwayoyin suka kama totuwar suka zauna. Aikin wata uku ya koma kwana tara, ga kaifi har ya sa hawaye. Ranar ya faɗo shagona da cokali, wai dole sai na ɗanɗana.

Abin da bai hango ba, gangar ba ta yarda a bar ta. Safe da yamma sai an juye mata. In totuwar ta bushe kwana biyu, ƙwayoyin da ya shekara yana reno sun mutu.

'Yarsa ta haihu, ya ce sai wannan zubin ya nuna. Ta sake haihuwa, amsar ba ta canza ba. Na ce ya koya mini juyen ya tafi. Ya tsaya a kaina yana bin hannuna da ido, ya ce ina kwarara kamar mai wanke tsakar gida. Na dire masa kofinsa, don ni ma ina da zuciya. Har yau ina jin haushinsa, sai dai tausayin ya fi yawa.

Bara ya ce gangar ta mutu in ta ga dama, shi dai zai tafi. Ya kawo babbar rigarsa in rage masa, don ya rame. A shagona ya kira 'yar, ya buɗe muryar wayar saboda kunnensa ya yi nauyi.

"Uwata, ranar Asabar ina tafe."

Da ta yi magana babu faɗa a muryarta, kuma da faɗan ne da ya fi sauƙi.

"Baba, kada ka wahalar da kanka. Mun saba."

Ya ce to, a gaishe da yaran. Ya daɗe yana kallon wayar, sannan ya ce lokacin juye ya yi. Ya fita ya bar rigar a kan kekena.