Gogen Kakana da Danshin Jidda

Gogen da nake kaɗawa na kakana ne. Da shi ya taso a ƙafa daga ƙasar Hausa, ya yada zango a Sudan har ya haifi ubana, mu kuma muka ƙaraso da shi Jidda a naɗe cikin zane. Ƙwarya ce da aka rufe da fatar guza, tsirkiyarta gashin wutsiyar doki. Lokacin da samarin unguwarmu ta Ammariyya suka koma wa udi, molon Larabawa, da rediyo, ni na nace wa tsofaffin taken da ba mai rawa da su. Ina dako a tashar jirgin ruwa, amma zuciyata tana wani fili da ban taɓa gani ba, ga ni cikin farar riga, jama'a ta yi tsit, wata kyakkyawa tana share hawaye da gefen mayafi. Haka ake yi wa makaɗi a littattafan soyayyar Masar da nake saya a kasuwa.

Jidda ba ta san wannan ba. Danshin teku yakan shiga fatar ta saki, muryar gogen ta koma ta mai mura. Sai ka gasa ta a kaskon gawayi ta ɗaure, ta ba ka ɗan lokaci, ta sake saki.

Akwai wani dogon take na fatake da ubana ya rasu bai koya mini ƙarshensa ba. A lungunmu wata tsohuwa mai toya waina, haifaffiyar Sudan, ta san waƙarsa tun tana yarinya. Matsalar ita ce ba ta iya kama ta daga tsakiya. Sai goge ya ja ta tun daga farko, baitin da ta rera ya kira na bayansa. Kullum bayan la'asar nakan zauna a ƙofarta mu fara, kullum kuma kafin mu kai inda nake nema fatar ta saki. In tashi in gasa, in dawo, zaren ya tsinke mata.

"Inna, daga nan fa muka tsaya."

"Kai ka tsaya, ɗan nan. Ni ban san nan ba. Koma farko."

Abokina tela, haifaffen Jidda, ya gaji da ƙorafina. "Ya akhi, wannan fatar ƙadangaren za ta kashe ka. Rufe ƙwarya da roba, ɗaura zaren kamun kifi, halas, shi ke nan." Na yi fushi da shi, daga baya na haɗa irin wanda ya faɗa a ɓoye, na je da shi ƙofar tsohuwa. Ina jan izga tsohuwa ta ɗago daga kan tanda.

"Sauron nan daga ina?"

Ba ta rera ko kalma ba ranar.

Ana nan ɗanta ya zo daga Sudan zai tafi da ita, ƙafafunta sun fara ƙin tafiya. Ana gobe za su shiga jirgi na yi dabara. Na ajiye kaskon gawayi tsakanin ƙafafuna, na karkata gogen a kansa yadda zafi ba zai bar fatar ba. Gumi yana zuba mini a ido, telan yana ta yi wa garwashin fifita yana cewa, "Yalla, yi maza, ya ustaz, kafin ka gasu."

Ban taɓa jin gogen nan ya yi magana kamar ranar ba. Muka wuce inda muke tsayawa. Tsohuwa ta lumshe ido, ta shiga baitin da ban taɓa ji ba, inda fatake suka hango hayaƙin garinsu. Yatsuna suna binta a baya. Sai fatar ta fashe, tsirkiyar ta kwanta a kan ƙwarya.

Ta buɗe ido. "Saura kaɗan fa."

"Ƙarasa da baki, Inna, don Allah."

Ta motsa leɓe, ta gwada, ta girgiza kai.

Ba a sayar da fatar guza a Jidda. Sai da aikin hajji ya zagayo wani alhaji ya kawo mini, lokacin ita ta daɗe a Sudan, ba ta kuma sake dawowa ba. Har yau idan na kaɗa taken, fatakena suna hango hayaƙin, daga nan in sauke izga, masu sauraro su zaci nan ne ƙarshensa.