Abin da Baba Ya Zuba a Silin Ɗakinmu

Wata Asabar ce a watan Maris, ina 'yar shekara goma sha ɗaya, ina wanke-wanke a bakin famfon gidan hayarmu na unguwar Obiagu, can kudu, sai na ga matan gidan suna janye yaransu daga kusa da ni. Na gaishe su, ba wadda ta amsa. Har Ngozi, da kullum muke 'yar carafke tare, uwarta ta fizge ta ta rufo ƙofa.

Laifinmu buhu shida ne. Baba yana gadi a wani sabon gini, inda ake shimfiɗa wani abu mai kama da audugar katifa a saman sili don tare zafi. Tsohuwar jarida ce aka niƙa, aka gauraya da maganin da ke hana ta cin wuta. Da aka gama aiki, mai ginin ya bar masa ragowar. Ɗakinmu kuwa rufin kwano ne, da rana kamar tanda, jikin ƙanwata duk ƙuraje. Ni na riƙa miƙa wa Baba a roba yana bazawa a saman silinmu. Kwana uku muka sha iska, a kwana ukun nan kuma magana ta zaga layi, wai Bahaushe yana ɓoye albarushi a rufi.

A wannan Asabar ɗin Baba na wurin aiki, Inna ta tafi kasuwa da ƙanwata, samari suka shigo da sanduna da galan ɗin fetur. Ɗaya ya damƙi hijabina yana daka mini tsawa, wai ina albarushin. Suka farke silin, abin ya zubo toka-toka a kan katifarmu da littattafaina. Ina ta rantsuwa takarda ce, ba mai saurarona.

Papa Emeka, tsohon kafintan gidan da ko gaisuwar Baba ba ya amsawa, shi ya dumbuzo abin ya zube a tsakar gida, ya ƙyasta ashana. Mutane suka dare. Ni na tsaya ina kallo. Abin ya yi baƙi, ya ɗan yi hayaƙi, ya mutu. Ya sake ƙyastawa, haka dai.

Ba wanda ya ba mu haƙuri, ba wanda ya gyara silin. Yanzu na gama sakandare, muna wani gidan mai fanka, amma ni da Ngozi ba mu sake wasa ba. Abin da na riƙe shi ne ana kiran sallar la'asar tsohon ya karkaɗe hannunsa, ya ce da gurɓatacciyar Hausarsa: "Shiga ɗaki, yarinya. Ba mai taɓa ki."