Ƙasan Kwando

Jiya ina jera tumatir cikin kwando a rumfata ta Sabon Gari don in ɗauki hoton talla in sa a waya, sai na ga hannuna yana tura masu tabo ƙasa, yana ɗora jajayen a sama. Nan take marigayiya Gwaggo, yayar mahaifina, ta faɗo mini a rai.

Ita ba ta sayar da kwando sai ta juye shi a tabarma. Har yau ina jin ƙamshin ganyen tumatir da damshin ƙasar Jiratawa a zanenta. Takan ce wa mai saye, "Duba ƙasan, kada ki je gida ki zage ni."

Shekarar da na shiga sana'ar a wurinta, wata mata daga Tsibiri ta zo sayen kwando uku na bikin suna. Ni na jera su, na san abin da na ɓoye. An gama ciniki, Gwaggo ta juye na farko. Ruɓaɓɓun suka gangaro har ƙafar matar, tsaminsu ya tashi. Matar ta dube ni, ta wuce rumfar gaba.

Na ce, "Gwaggo, kin kunyata ni. Da wannan halin naki, a tabarmar nan za ki ƙare."

Gwaggo ta duƙa tana tsince masu kyau. A tabarmar kuwa ta ƙare, ban taɓa ba ta haƙuri ba.

Jiya dai na juye kwandon, na ɗauki hoton haka nan. Allah Ya jiƙan ki, Gwaggo. Ranar da za a juye nawa, Allah Ya rufa mini asiri.