Ƙwan Zabina a Cikin Akwati

A daminar da ciwo ya kwashe mini zabi, ƙwai talatin kawai suka bari a gindin dargaza. Irin fararen zabin nan ne da na taho da su daga gidanmu, kuma duk yankin Aujara ban san mai irinsu ba. Niyyata in sa wa kaza ta kwanta musu, kamar yadda muka saba.

Sai ga ɗana na fari ya zo daga Dutse ran Asabar, da akwatin ƙyanƙyasa da ya haɗa da kansa. A ciki akwai fitila mai ɗumama ƙwai, a gefe kuma wani ɗan koren allo, bai kai tafin hannu ba. Wai shi ke auna zafi, ya kunna fitilar, ya kashe.

Mu a gidanmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, balle ta gyara masa aiki. Gwaggonsa, ƙanwar ubansa, ita ta raine shi, ta bakinta nake magana. Na ce mata, "Kazar nan fa tana neman kwanci."

Ta ce masa, "Ka ji, injiniyan birni. Kaza ta riga ka neman aikin."

Ya yi dariya, ya jera ƙwan a akwati. Ya jona allon da kwamfutarsa da wata siririyar waya, don ya ga yawan zafin. Ni ban yi boko ba, amma na san kamannin rubutu. Abin da ya fito ba shi ba ne. Tarkace ne, kamar kaji sun yi tono a kan yashi.

"Aljanu ne suka amsa?" in ji Gwaggo.

"Sauri ne bai zo ɗaya ba, Gwaggo. Allon na turo magana da saurinsa, kwamfutar na saurare da nata. Sai na sa musu lamba ɗaya."

Ya gwada lamba uku, tarkacen bai gushe ba. Hadari ya haɗo ta gabas, ga motar Dutse na shirin tashi. Ya ce ba komai, allon na aikinsa, gani ne kawai ba ma yi. Zai dawo Talata.

Ran Lahadi da hantsi na ɗauki ƙwai ɗaya na ɗora a fatar idona. Ƙwan da ke ƙarƙashin kaza ɗumin hammata gare shi. Wannan ya wuce nan. Na zauna ina kallon fitilar har azahar, ban ga ta mutu ko sau ɗaya ba.

Gwaggo ta tafi biki Kafin Hausa. Akwai waya a gidan, an nuna mini inda ake dannawa a samu yaron. Na ɗauka na ajiye. Na kai hannu zan kwashe ƙwan, na tuna yadda zai dawo ya tarar da akwatinsa wayam, mutanen gida na kallo. Na janye hannuna. Kazar kuwa ta kwanta a kan ƙasa tsura, tana hura wuya.

Ran Talata ya iso da lambar a rubuce a takarda. Dubu tara da ɗari shida, na ji yana faɗa wa Gwaggo. Yana sawa, rubutu ya miƙe layi-layi. Ya karanta. Ya sake karantawa. Sai ya fizge wayar fitilar.

"Tun yaushe take kunne?" ya tambayi Gwaggo, amma ni yake kallo.

"Tun Asabar," na ce. Na kai shekara ban ba shi amsa baki da baki ba.

"Inna, kin sani?"

Na ɗauki ƙwai ɗaya na fasa a bakin turmi. Farin ya kama jikin ɓawo, ya yi kauri. Na fasa na biyu, haka. Na miƙa hannu ga na uku, ya riƙe bakin akwatin.

"A bar sauran, ko Allah zai sa."

Na kwashe su a zanina na kai wa kazar. Ta juya su da baki, ta tura huɗu waje, ta kwanta a kan sauran.